Zanin da Gwaggo Ta Ɗaura Mini a Bakin Teku

Ko da tsufa zai sa in manta sunan makarantar da na yi, ba na jin zan manta lokacin da na waiwaya daga cikin teku na hango lemar Gwaggo ta koma kamar murfin kwalba. Ɗazu-ɗazun nan nake jiyo muryarta tana cewa in gyara hijabina, yanzu kuma ko sautinta ba ya isowa. Na miƙa ƙafa in taɓa yashi, na ji babu yashi. Na sake miƙawa, na ji ƙafafun ma sun ƙi rabuwa da juna. Shekaru sun shuɗe, amma har yau idan ina wanka ruwa ya rufe mini fuska, sai na ajiye kofin na tsaya na yi numfashi tukuna.

Bari in koma baya, don ku san abin da ya kai 'yar Kano da ko kududdufi ba ta taɓa shiga ba tsakiyar tekun China.

Ina gama sakandare ƙanwar babana, wadda muke kira Gwaggo, ta ce in raka ta Guangzhou saro kaya. Ita 'yar kasuwa ce ta gaske, atamfa da dogayen riguna take kaiwa Kano. Aikina shi ne riƙe jaka, da juya mata Turanci, da shan faɗa idan ta gaji. Kullum muna tsakanin kasuwar Shahe da manyan shagunan titin Guangyuan Xilu, ƙafafuna har suka daina jin ciwo don sun fid da rai. A cikin masu sayar mata da yadi akwai wata mata 'yar China da kowa ke kira Lawban, wato mai shago. Ita da Gwaggo sun daɗe tare, abotarsu kuma ta faɗa ce. Gwaggo ta ce kaya ba su da kyau, Lawban ta ce meyo, wato a'a da yarensu, babu irinsu a duk kasuwar, su yi kamar za su daku, can kuma ka gan su suna shan shayi a kofi iri ɗaya.

Lawban tana da 'ya, sa'ata, siririya, rana ta ƙona ta har ta kusa kamo ni. A shagon uwarta ta tashi, don haka ta tsinci Hausar 'yan kasuwa. Ba ta iya gaisuwa mai tsawo ba, amma ta iya "Haba Hajiya!" da "Wallahi babu riba" da "Yi sauri." Sauran magana da Turanci muke yi, nata a karye, nawa a gurguje. Ita ce ta nuna mini a wayarta yadda take hawan igiyar ruwa a kan wani dogon allo, a tsaye, kamar wadda ta hau doki ba linzami. Na ce mata wannan ai sai aljanu. Ta ce ko ni zan iya.

Da aka samu jinkirin loda kayanmu a tashar jiragen ruwa ta Huangpu muka zauna babu aikin yi, Lawban ta ce mu zo ta kai mu shan iska. Muka yi tafiya mai ɗan nisa a motarta zuwa wani bakin teku da ba kowa ya san shi ba. Wuri ne shiru, farin yashi, bishiyoyin kwakwa, wata rumfa ɗaya da ake ba da hayar alluna, sai wasu samari ƙalilan can nesa cikin ruwa suna zaune a kan nasu allunan suna jiran igiya. Ruwan ɗumi gare shi kamar an sirka. Gwaggo ta shimfiɗa darduma a ƙarƙashin lema, ta ƙi cire safa, wai ba ta san abin da ke cikin yashin mutane ba.

Roƙon da na yi kafin ta yarda in shiga, da na yi wa gwamna shi da ya ba ni kujerar Makka. Abin da ya taimake ni shi ne mace ce za ta koya mini. 'Yar Lawban ta ba ni kayan ruwa, baƙaƙe, daga wuya har idon sawu, da ƙaramin hijabi mai kama kai. Na fito daga rumfa ina rufe-rufen jiki, Gwaggo ta dube ni sama da ƙasa.

"La'ilaha illallahu. Wannan ai fentin jiki ne ba sutura ba. Zo nan."

Ta buɗe jakarta ta zaro wani yadin atamfa, samfuri ne da Lawban ta ba ta ta gani, ta kuma riga ta ce ba ta so don ba shi da ƙwari. Ta naɗa mini shi har ƙasa, ta kama bakin biyu ta ƙulle a ƙuguna, ta sake ƙullewa, irin ɗaurin da ake yi wa goyo idan za a shiga kasuwa ranar jajiberin salla.

'Yar Lawban ta girgiza kai. "Haba Hajiya!" Ta juyo gare ni da Turanci ta ce wannan zanin ba na ruwa ba ne, zai yi nauyi, zai kama mini ƙafa.

Na juya wa Gwaggo maganar da Hausa. Ta ce, "Ki ce mata uwarta ma ba ta fi ni sanin zani ba. Ko da shi, ko ki dawo ki zauna."

Ni kuwa, gaskiya, na ji daɗin zanin. Ba zan ɗora wa Gwaggo duka ba. Da samarin can a cikin ruwa, ni kaina ban so in shiga haka ba. Na ce wa 'yar Lawban iyakata inda ruwa ya kai ƙugu, ba zan wuce ba. Ta ɗaga kafaɗa, ta ɗaura mini robar da ke haɗa ƙafa da allo, muka shiga.

Farkon abin dariya ce zalla. Ta kwantar da ni a kan allo rub da ciki, idan farin kumfa ya taho ta tura ni, in tafi suuu har bakin yashi ina ihu. Idan ta ce in miƙe tsaye, zanin ya harɗe ni, in faɗa ruwa kamar buhun gero. Na sha gishirin da zai ishi miyar gidan biki. Lawban tana tafi, Gwaggo tana ɗaukata a waya tana cewa sai ta nuna wa duk dangi yadda na zama kwaɗo. Wani karon na samu na durƙusa a kan gwiwoyina har allon ya tsaya da kansa, na ɗaga hannu kamar na ci zaɓe.

Wannan 'yar nasarar ce ta shige mini kai. 'Yar Lawban ta fita shan ruwa, ta ce in jira ta. Na duba gefen hagu na ga wani wuri da ruwan ya kwanta lumui, babu kumfa, babu hayaniya. Na ce a raina ga wurin masu koyo nan an bar ni ina fama da duka. Na ja allona na nufi can. Daga baya na san cewa irin wannan wurin shi ne hanyar da duk ruwan da igiyoyi suka kawo yake bi ya koma teku, shirun nasa na gudu ne. A lokacin ban sani ba. Na ji dai yashi yana zamewa daga ƙarƙashin ƙafata, na rungumi allo da ƙirjina, na waiwaya, na ga lemar Gwaggo ta ƙanƙance.

Abin da aka koya mini shi ne in hau allon in kwanta. Na yunƙura in ɗora ƙafa, zanin ya ce ban isa ba. Ya sha ruwa ya manne, ya naɗe da robar ƙafata, ya haɗe mini ƙafafu wuri ɗaya. Ƙasansa kuma ya buɗe cikin ruwa, ruwan yana jan sa, shi yana ja na, kamar wani ya riƙe ni ta ƙasa yana cewa taho. Na kai hannu ɗaya ga ƙullin. Ƙullin Gwaggo, a jiƙe. Ko ƙusa ba za ta shige shi ba.

Ban san na iya addu'o'i da yawa haka ba sai ranar. Na karanta ta shiga mota, na karanta ta barci, har ta cin abinci na ji bakina yana yi. Na tuna Mama, na tuna ban ma gaya mata za mu teku ba. Na ce shi ke nan, za a ce da ita 'yarki ta je saro atamfa kifi ya cinye ta.

Can na ji ana "Yi sauri! Yi sauri!" Ban san wa take ce wa ya yi saurin ba, ina jin kanta take faɗa wa. 'Yar Lawban ce a kan allonta tana sheƙo ruwa da hannu biyu. Ta iso ta damƙi allona, ta leƙa ƙasa ta ga halin da ƙafafuna ke ciki. Ta ja ƙullin, ya ƙi. Ta ce da ni dole zanin nan ya fita, yanzu.

Ku ji abin da na ce mata, ni da nake tsakanin rai da mutuwa. Na dubi samarin nan, waɗanda ruwa ya kawo ni kusa da su, biyu har sun fara tahowa wajenmu, na ce, "Akwai maza."

Ta buɗe baki ta dube ni. Turancinta ya ƙare kaf. Abin da ya fito kawai shi ne, "Haba Hajiya!"

Ba ta rufe baki ba wata ƙatuwar igiya ta fashe a kanmu. Allon ya kuɓuce mini. Na yi ƙasa, ko'ina kore, kunnuwana suna ƙugi, ina son in harba ƙafa babu ƙafar harbawa. Na buɗe baki in yi salati ruwa ya shige. Ban san tsawon lokacin ba, na dai ji an cafki bayan wuyan rigata an fizgo ni sama, an kifa ni a kan allo ina tari kamar ƙirjina zai tsage. Wallahi da na ɗago, ko duk mazan China ne suka taru a wurin, ban ƙara ganin kowa ba.

Na ce ta miƙo mini bakin zanin na ƙasa. Ta nutsa ta jawo shi har fuskata. Duk wanda ya tashi a gidan masu sayar da yadi ya san idan babu almakashi, ɗan cizo ake yi a bakin yadin a ja. Na sa haƙori na ciza, na kama da hannu ɗaya ita ta kama da ɗaya, muka ja. Ya tafi ƙiiii har ƙuguna, ko gardama bai yi ba. Ta fizge sauran ta warware robar, ruwa ya tafi da yadin. Ƙullin kaɗai ya rage a ƙuguna kamar ɗamara. Da atamfa mai tsada Gwaggo ta ɗaura mini, irin wadda take yabo, da yanzu wani ne yake ba ku labarin nan.

Na hau allon sosai. Ba ta nufi da mu bakin yashi kai tsaye ba, gefe ta ja mu, samarin nan biyu suna biye da mu ta baya, har muka fita daga hanyar ruwan. Sannan ta ce in riƙe da kyau, ta tura ni gaban wata igiya. Duk hawan da na yi ranar babu wanda ya kai wannan kyau. Na taho kamar an harbo ni, ido a rufe, ina kuka ina tari, har cikin allon ya gurji yashi.

Ina buɗe ido na ga Gwaggo a cikin ruwa har gwiwa, da safarta, da leshinta mai tsada. Ta cire mayafinta ta lulluɓe ni, ta rungume ni tana ta maimaita "Alhamdulillahi."

Ni na ɗauka an gama. 'Yar Lawban ta ce ba a gama ba, wanda ruwa ya shiga ƙirjinsa yana iya tafiya da ƙafarsa lafiya, anjima numfashi ya gagare shi. Tarin kuwa ya ƙi tsayawa. Wani sabon tsoro ya kama ni, wanda ya fi na cikin ruwa, don wannan karon ina da lokacin yin tunani. Aka sa ni a mota sai wani ƙaramin asibiti a garin da ke kusa. Wata nas ta yi fama da ƙullin nan ta gaji, ta ɗauko almakashi. Aka ɗauki hoton ƙirjina, aka maƙala mini wani abu a yatsa, aka ce mu jira a ga yadda zan yi.

Muna zaune, Lawban ta ɗauki guntun ƙyallen da aka yanke ta karkaɗa a gaban Gwaggo, ta yi magana da yarensu. 'Yarta ta ce wai cewa take, kin gani, kayanta ne suka ceci yarinya, sai a saya.

Gwaggo ta share ido da bakin ɗankwali ta ce, "Ki ce mata na gode, shishe. Amma yadin da yarinya ta yaga da haƙori a cikin ruwa, ni zan kai wa matan Kano? Meyo."

Na fashe da dariya, dariyar ta koma tari, Gwaggo ta rikice tana bubbuga mini baya. Da na lafa ta riƙe hannuna, ta yi ƙasa da murya yadda ba ta taɓa yi mini magana ba.

"Yarinyar nan ta faɗa mini. Ni na ƙulla."

Na ce, "Gwaggo, ni ma ai da ta ce in cire cewa na yi akwai maza."

Ta dube ni ta ce, "A tsakiyar teku? Ke kam kin fi ni."

Bayan la'asar, Gwaggo ta idar da salla ke nan a lungun ɗakin, likita ta shigo. Ta sa abin awo a bayana ta ce in ja numfashi, ta duba hoton, ta yi wa 'yar Lawban bayani mai tsawo. Ina kallon bakinsu kamar zan gane. 'Yar Lawban ta juyo, ta ce da ni ƙirjina fes yake, babu abin da zai same ni, in tafi gida. A lokacin ne na yi kukan gaske.

Ban daina kunya ba, ba na kuma fatan in daina. Abin da ranar ta koya mini shi ne, idan ka je wurin da ba naka ba, wanda ya san wurin ya ce maka kaza zai cuce ka, ka ajiye sanin da ka zo da shi daga gida ka saurara. Mu mun san zani, ita ta san ruwa, kuma a cikin ruwan muke. Allah da ya umarce mu da sutura bai ce mu mutu a cikinta ba.