Lungun Gefen Gidan Maƙwabci

Gidanmu a Nima ba shi da ƙofa ta bakin titi. Tun ina ƙarama wani siririn lungu muke bi ta gefen gidan maƙwabcinmu, mu tsallake kwata, mu fito inda motocin haya na trotro ke tsayawa. Ban taɓa tunanin lungun yana da mai shi ba, sai da tsohon maƙwabcin namu ya rasu, 'ya'yansa suka sayar wa wani Alhaji mai tayoyi da gidan.

Wata safiya na fito da bokitin kokon da nake sayarwa, na tarar an jibge bulo da yashi a bakin lungun. Alhajin yana tsaye a wurin. Mahaifiyata tana ɗaki, ɓarin jikinta ya shanye, ta nan muke ɗauko ta ranar asibiti.

"Alhaji, mu ta ina za mu bi?"

"Hajiya, ni har bangonku na saya. Shago zan yi."

Na tafi wurin wata lauya a Adabraka. Ta tambaye ni ko an taɓa rubuta mana hanyar. Na ce a'a. Ta ce daɗewa ana bi ma yana ba da haƙƙi, in dai ba da roƙo ake bi ba.

"Babanki ya taɓa roƙon maƙwabcin?"

Na tuna duk Sallah Baba yakan kai masa goro, yana godiyar hanya. Ta ce wannan godiyar tana iya ɓata mana magana.

Can ta tambayi asalin gidajen. Na ce fili ɗaya ne, kakan maƙwabcin ya yanka ya sayar wa kakana ta baya. Ta gyara zama. Ta ce wanda ya sayar da bayan filinsa, doka tana ɗauka har da hanya ya bayar, muddin babu wata mafita. Amma sai da shaida.

Shaidarmu wani tsoho ne a Maamobi da aka yanka filin a gabansa, kuma mantuwa ta fara kama shi. Aka kawo shi gaban limamin unguwa ranar da ya zaunar da mu da Alhaji don sulhu. Allah ya taimake mu, ya tuna har inda aka kafa turken iyaka.

Alhaji ya ja katangarsa baya, ya bar mana hanya. Lauya ta ce kada in saki jiki sai ya sa hannu an yi rajista. Har yau bai sa ba. Duk sanda na je, sai ya ce, "Hajiya, mako mai zuwa." Jiya kuma na ji ana cewa yana neman mai sayen gidan.