Baba Ɗan Iya, Ban Kai Wasiƙar Ba

Baba Ɗan Iya, na yi maka ƙarya, kuma ban taɓa gaya wa kowa ba. Wasiƙar da ka sa na rubuta wa Dagaci ban kai ta ba. Tana cikin littafin soyayyar da nake ɓoyewa a ƙarƙashin tabarma. Ranar Laraba, tara ga watan Safar, da hantsi aka ce ka rasu. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Shekara shida rabon jirgin ƙasa da garinmu, amma ba ka ajiye gudumarka ta aikin jirgi ba. Kullum da safe kana bin dogo, ka ƙwanƙwasa kowane noti, ka kasa kunne, ka shafa masa baƙin mai da gashin kaza. Mutane suka ce ruɗin tsufa ne.

A ƙarƙashin gadar jirgi ka fara kama ni, an aike ni yanko wa awaki ciyawa na ɓige da karatu. Na zaci za ka kai ƙarata gida. Sai ka ce, "Hure, in sun gama soyayyar, zo ki ji." Ka bugi wani ƙarfe ya yi amo, ka bugi na kusa da shi bai amsa ba. Ka ce, "An kwance masa noti. In rafi ya kawo da damina, ta nan matan ƙauyuka huɗu suke bi zuwa asibiti."

Da idonka ya raunana na zama alƙalaminka. Kana faɗin sunayen masu sayar wa 'yan gwangwan ƙarfen gadar ina rubutawa a wasiƙar, har ka zo kan na uku: Abdulƙadir, yayana. Ka ce, "Rubuta." Rumbunmu babu ko damin gero, kuma na san inda garin tuwonmu yake fitowa. Shi ya sa na ce maka na kai.

Jiya wajen sadakar uku na jiyo wani ta bayan danga yana cewa, "Mai guduma ya tafi, sai a huta." To, wallahi ba a huta ba!

Allah ya jiƙanka, ya sa Aljanna ce makomarka. Allah ya ba iyalinka, Inna Kaltume da Yaya Barira, haƙurin rashinka.

Ni da ko gaisuwa sai na sunkuyar da kai, gobe da safe zan tsaya a ƙofar Dagaci. Yaya Abdulƙadir ya dake ni in ya ga dama. Ba zan goge suna ko ɗaya ba.