Kabar Malam Obadiya

"Ni na aiko garar? Ni na ce ta ci?"

"Tun damina nake cewa ka hau ka duba. Me ka ce mini? Allah zai tsare!"

Inna Juwairiyya ta ajiye rariya, ta ja kujerarta jikin katanga. Shekara shida Malam Obadiya da matarsa Rose suna haya a gidan da ke manne da nata a Wurno, ba ta taɓa jin muryarsa ta haura bango ba sai wannan Talatar da hantsi.

Mutumin Zuru ne, yana koyar da lissafi a firamare ta wajen Lahodu. Ran Lahadi kuma shi ke jagorantar addu'a a ɗan cocinsu mai mutum ashirin da ɗoriya, don Fada, limamin cocin, daga Sakkwato yake zuwa, jefi-jefi. Magana ɗaya aka san shi da ita: Allah zai tanada. Babur ya mace a hanyar Rabah, Allah zai tanada. Imaninsa na gaske ne, ba mai ƙwace masa wannan. Sai dai in ka lura, ya fi ƙarfi a duk aikin da ke bukatar hawa tsani.

A al'adarsu, mako guda kafin bikin Ista Fada kan sa wa ganyen kaba albarka, a ajiye shi har shekara ta kusa zagayowa, a ƙona, a shafa tokar a goshin kowa ranar Larabar da ake fara azumin kwana arba'in. Ajiyar a hannun Malam take, ya cusa ta saman rufin ɗaki. Gobe ce Larabar, Fada na tafe da sassafe. Malam ya shirya zuciyarsa tsaf, ya yi sallama da goro, ya yafe wa hedimasta. Yau da ya daure ya hau, ƙasa ya tarar, gara ta cinye kabar.

"To mu kwashi ta murhu," in ji Rose. "Wa zai gane?"

"In shafa wa bayin Allah tokar tuwo a goshi? Haba, Maman Ella!"

Ya faɗe ta da zafi ne don tun yana saman tsani shi ya fara yin wannan tunanin.

Ita ma Rose ba banza take ɗaga murya ba. Da bazarar bara ta zari kabar cikin hannu guda ta miƙa wa Inna ta saman katanga, don tsohuwar ta yaba kyanta. Ba ta taɓa faɗa wa mijinta ba, kuma ba yau take da niyya ba.

Inna ta dubi abin da take hura wuta da shi, ta yafa mayafi, ta zagaya ta yi sallama. Malam ya leƙo da yanar gizo a gashinsa.

"Malam, mi ya hwaru? In kabar da Maman Ella ta ba ni kuka biɗa, ga ta. Mahuci niy yi da ita."

Tari ya sarƙe Rose.

"In na albarka na, ku amsa ku ƙona," in ji Inna. "Ni dai dama na ji iska tai ta hi ta saura sanyi."

Malam ya karɓa da hannu biyu. Gefen ya babbake, yana ƙanshin daddawa, amma kaba ce, ita ce kuwa, kuma tokarta za ta ishi goshi ashirin da ɗoriya har da na Fada. Ya juya ya dubi matarsa, wadda ta shiga gyaran ɗankwalin da bai kwance ba. Faɗa na bakinsa, sai ya ga akwai abin da ya fi faɗa daɗi.

"Maman Ella, ban ce miki zai tanada ba? Ga shi ya tanada ta hannun ɓarauniya." Ya juyo ga tsohuwar a bakin ƙofa. "Inna, bana ni da kaina zan kawo miki kabar. Ki saƙa biyu."