Hular da Balki Ta Saƙa wa Ɗan Farinta

Balki matar yayana ce, kuma tun ranar da aka kawo ta gidanmu a Geceme nake tsokanar ta ban gaji ba. Ni bakina ba ya hutawa, ita kuwa sai ta wuni ba ta yi magana goma ba. Hannunta ne ba ya zama.

Hular sanyi take saƙawa. Ba ta sayen sabon ulu. Idan wani zai je Dogon Dutsi sai ta ba shi saƙon tsohuwar rigar sanyi ta gwanjo, ta zauna ta warware ta zare-zare, ta jiƙa a ruwan ɗumi don lanƙwasar ta saki, ta naɗe a ƙafafun kujera ya bushe. Tsinkayen saƙarta ma wayar tayar keke ce, maƙeri ya fiƙe mata. Hular ba ta da wani ado, baki mai naɗi ne da jiki da ɗan tuntu a sama. Amma in ta hau kanka, iska sai dai ta bi ta wani wurin.

Awonta shi ne abin kallo. Ba igiya, ba komai. Za ta ce maka "duƙa", ta aza tafin hannunta a tsakar kanka, ta zagaya yatsu zuwa ƙeya, ta ɗauke. Ƙiftawar ido ta gama. Masu amalanke, makiyayan da ke ratsowa, jariran da aka haifa cikin ɗari, har limamin unguwarmu, duk sun duƙa wa Balki.

Kai ɗaya ne a garin nan hannunta bai taɓa hawa ba, na Sama'ila, ɗanta na fari. A wurinmu uwa tana kunyar ɗan fari. Ba ta kiran sunansa, ba ta wasa da shi, ba ta nuna ta damu. Da aka yaye shi ni aka ba, ni na goya shi. Balki kuwa ta riƙe kunyar nan fiye da kowa. In za ta ambace shi sai ta ce "wancan". Na sha gaya mata ta yi yawa, sai ta sunkuyar da kai ta ci gaba da saƙa.

Bana gero bai yi ba, Sama'ila ya ce zai tafi haƙar zinariya can arewa, Jado. Waɗanda suka dawo sun ce sanyin wurin har fasa leɓe yake. Ya zo ɗakina ya zauna yana tsinke tabarma.

"Gwaggo, duk garin ga babu wanda Inna ba ta saƙa ma hulla ba sai ni," ya ce. "Malamanmu sun ce wagga kunya ba addini ba ce. Ni dai na hwara tunanin ba kunya ba ce, ba ta damu ba ne."

Maganar ta soke ni. Yaro zai shiga ramin da wasu ba sa fitowa, kuma da wannan zai tafi a zuciyarsa. Na suri mayafi na nufi wurin Balki, na same ta tana tankaɗe. Babu abin da ban faɗa mata ba. Na ce kunyar da za ta sa ɗa ya bar gida yana ganin ba shi da uwa, ai ta zama mugunta. Sai na ga rariyar ta tsaya a hannunta.

Washegari na ga ta ɗauko wani curin ulu shuɗi da ta daɗe tana ɓoyo, wanda na roƙa ta hana ni. Ta fara saƙa a bayan rumbu. Ta saƙa ta warware, ta sake. Na leƙa na ce, "Ki ƙara hwaɗi, kin san kan gidanmu kamar tulu shi ke." Ta harare ni. Ban tambaye ta ta wa ce ba, ita ma ba ta faɗa ba. Abin da ya dame ni, Balki ba ta taɓa ba mutum hula ba tare da ta aza masa hannu ba, kuma ban ga alamar za ta kira shi ba.

Ranar tafiya da hantsi muka raka shi tasha. Kafin mu fito ya je ya yi wa Balki sallama, ta amsa daga cikin ɗaki, "Allah shi kiyaye." Ko leƙowa ba ta yi ba. A tasha sai waige yake, ni kuma raina ya gama ɓaci. Ana ɗaure kaya a saman mota sai ga Balki ta ɓullo ta wajen masu ƙosai, tana tafiya da sauri, abin da ban taɓa gani ba. Mutane suka buɗa mata. Ta tsaya a gabansa, idonta a ƙasa.

"Duƙa in auna," ta ce.

Ƙaton saurayi ya durƙusa a cikin yashi. Ta aza hannu a tsakar kansa. Ni na san awon Balki, na gan shi fiye da yadda zan iya tunawa, kuma ba ya daɗewa haka. Hannun ya zauna. Ya gangara ƙeya ya dawo, leɓenta na motsi ba a jin abin da take faɗa. Direba ya ɗaga hannu zai danna oda, ya fasa. Kafaɗun Sama'ila suka fara rawa.

Sannan ta kwance bakin zanenta ta fito da hular shuɗiya, gamammiya har da tuntunta, ta sa masa. Ta zauna masa daram. Rana ta riga ta yi zafi, amma bai cire ba har motar ta sha kwana.

A hanyar gida na kasa haƙuri, ina share ido na ce, "Balki, hullar da kin riga kin gama, mi kika auna?"

Ta gyara mayafinta ba ta dube ni ba.

"Zalihatu, yi min shiru," ta ce. "Tun yaye nike jiran in samu dalili."