Injin Ban Ruwan da Ya Cije

Jiya na tarar injin ban ruwana ya cije, ga albasata a bakin dam ɗin Zobe tana yaushi. Har na ɗaga guduma, sai na tuna marigayi Kawu, mai hannu kullum warin kananzir.

Wata shekara na kai masa wani injin da tsatsa ta kama, ina gaggawa. Ya cire fulogi, ya ɗura kananzir, ya ajiye shi a rana.

"Ɗan nan, ba a dukansa, lallashinsa ake yi," in ji shi. Kowace safiya yakan ɗan murɗa shi, har ya yi tari ya tashi.

Na ajiye gudumar. Albasa zan shayar da bokiti, amma injin nan sai ya tashi.

Allah Ya sassauta wa Kawu, yadda ya sassauta wa ƙarfe.