Mintsini Biyu

Mai Aski ya fi kowa a layinsu kallon fuska, kuma ya fi kowa rashin gane ta. Ya san inda ƙurji yake ɓuya a gemun kowa, amma fushi da fara'a duk ɗaya ne a idonsa. Tun yana yaro yake shan duka a kan haka. Babansu ya taɓa fasa masa leɓe don ya yi dariya ana cikin yi masa faɗa. Innarsu ta gaji ta ba shi doka ɗaya: in ka ga haƙora a waje, murna ake. Allah Ya jiƙanta, rabin gaskiya ta faɗa masa.

Yayansa direba shi ne idonsa. In suna cikin mutane, sai ya mintsine shi a hannu. Sau ɗaya, ba komai, ci gaba. Sau biyu, bar wurin. Da wannan suka girma har furfura ta fara leƙowa.

Wata safiya Yaya na kan kujerar aski, an lulluɓe shi da zane har wuya, kumfa ya rufe masa rabin fuska. Sai ga wani ƙato a bakin ƙofa, haƙora duk a waje, yana tambayar ina direban nan. Jiya suka yi rigimar layin lodi da Yaya a tasha, Mai Aski bai sani ba. Yaya ya zaro masa ido ta madubi, hannunsa na laluben hanya a ƙarƙashin zane. Mai Aski ya ɗauka sabulu ne ya shiga idon.

"Ga shi nan, bismillah," in ji shi, har da matsawa gefe.

Ƙarfen kwance taya ne a bayan ƙaton. Dukan farko ya karya wa Yaya muƙamuƙi, na biyu ya tarwatsa madubi. Jini ya gauraya da kumfa har ƙasa kafin maƙwabta su danne ƙaton.

Yaya ya rayu, amma baki ya karkace, magana ta tafi, haƙoransa kullum a waje. Mai Aski ya kasa kallonsa, don tsoro yake ji ko an tsane shi, kuma ba shi da hanyar sani.

Da gemu ya taru, Yaya ya dawo kujerar da ƙafarsa. Mai Aski ya ɗauki aska.

"Yaya, dariya kake ko fushi?"

Hannu ya fito daga ƙarƙashin zane ya mintsine shi. Ya tsaya yana jiran na biyu. Har ya gama askin bai zo ba.