Ranar da Surukata Ta Tsinke Mini Jirgi

Jirgin sama na roba ne, a cikin kwali, wani abokina ya kawo mini daga Jidda lokacin ina tuƙa raksha, keken haya mai taya uku, a Umdurman. Ba a haɗe yake zuwa ba. Kowane ɓangare yana maƙale a jikin reshen roba, da lambarsa a gefe. Sai ka yanke shi da abin yankan farce, ka bar ɗan tsini, ka kankare tsinin da reza a hankali, ka bi da sanfefa har yatsa ya wuce bai ji komai ba. In ka murɗe da hannu, wurin ya yi farin tabo ke nan har abada. Ni kuwa na ci alwashin jirgin nan ba zai ɗauki tabo ko ɗaya ba.

Laifina kawai na bar rassan a kan faifai na fita aiki, alhali mahaifiyar matata ta zo mana kwana biyu daga Alhilla Kuku. Tsohuwar nan ba ta iya zama hannu sake. Ta gama tsinke lalon miya, ta waiga ta ga faifaina.

Da na dawo, ta miƙo mini kwano. Fukafukai, tayoyi, farfela, duk a ciki, kowanne da farin ciwo. Rassan da ke ɗauke da lambobin kuma ta zuba a shara, mai amalanke ya kwashe.

"Halas, ɗan nan, na rage maka wahala," in ji ta. "Karan ma na zubar."

Wallahi sai da kunnuwana suka yi zafi. Da ƙanena ne, da unguwa ta ji mu. Amma suruka ce, ko ido ba na haɗawa da ita. Na durƙusa, na ce, "Sannu da aiki, Hajja. Allah ya saka da alheri." Matata tana kicin, dariya har da tari, kuma wannan ban yafe ba.

Na yi ta kankara har rezar ta dakushe. Na haɗa shi da ka tunda ba lambobi, taya ɗaya ta karkace, tabon bai ɓoyu ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai, duk baƙon da ya shigo, sai Hajja ta nuna jirgin a kan kabad ta ce, "Ni na tsinke masa." Baƙo ya dube ni, ni kuma in sunkuyar da kai in ce, "Ƙwarai, Hajja ce."